Daga Wasan Yara Zuwa Ƙirar Kumbo: Yadda Tarbiyyar Matasa Take Samar da Injiniyoyin Sararin Samaniya

1.0 Gabatarwa

A watan Yuli na 1969 kumbon Apollo 11 ya sauke mutum biyu a kan wata. Labarin ya iso ƙasar Hausa ta akwatin rediyo, ya kuma bar alamunsa a cikin harshenmu har yau. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon waƙa. Ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a wannan shekara aka laƙaba masa suna apolo. Kalmomi irin su kumbo da roka da ɗan sama jannati da tauraron ɗan'adam suka sami gindin zama a bakin masu karanta labarai.

Sai dai hankalin jama'a ya fi karkata ga waɗanda suka hau kumbon, aka manta da waɗanda suka ƙera shi. Mutum 12 ne kacal suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, alhali kuwa kimanin mutum 400,000 ne suka yi aiki a shirin Apollo, da yawansu injiniyoyi da masu sana'ar hannu. A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin duba inda irin waɗannan mutane suke fitowa, wato yadda ƙungiyoyi da sansanoni da gasannin matasa suke mayar da sha'awar yaro ta zama sana'a. Za a ɗauki misalai daga Tarayyar Sobiyet da Jamus da Amurka, inda abin ya samo asali, sannan a waiwayi abin da ya shafi malamanmu a ciki.

2.0 Littafi da Ƙungiya

Idan aka bi tarihin magabatan ilmin roka, za a tarar cewa labarin ƙirƙira ne ya fara kama zukatansu tun suna yara. Konstantin Tsiolkovsky na Rasha da Hermann Oberth, wanda ya yi rubuce-rubucensa da Jamusanci, duk sun ambaci tasirin littattafan Jules Verne na Faransa a kansu. Robert Goddard na Amurka ya karanta labarin H. G. Wells yana saurayi, kuma a 1899, yana da shekara 17, ya ƙudurta ƙera abin da zai iya kaiwa duniyar Mars. A 1926 ya harba roka ta farko mai aiki da mai na ruwa.

Misalin Wernher von Braun ya fi kowanne amfani ga malami. An haife shi a 1912, kuma a farkon karatunsa ba ya taɓuka abin kirki a lissafi da fiziya. Da littafin Oberth na 1923 ya shigo hannunsa, sai ya tarar da shi cike da lissafin da ba ya ganewa. Daga nan ya duƙufa a kan darussan da yake gudu, har ya yi fice a cikinsu. Yaron bai sake ba, lissafin ma bai sake ba. Abin da ya ƙaru shi ne ya sami dalilin koyonsa.

Sha'awa kaɗai ba ta ƙera roka, sai an sami wurin da za a gwada ta. Don haka ne aka kafa ƙungiyar masu sha'awar tafiya sararin samaniya a Jamus a 1927, wadda von Braun ya shiga yana ɗalibi, ya riƙa taimaka wa manya wajen gwajin injuna a wani fili a Balin. Ke nan tun farko matakai biyu ne suka bayyana: labarin da yake tayar da sha'awa, da ƙungiyar da take sa yaro ya riƙe kayan aiki a gaban wanda ya fi shi sani.

3.0 Tsarin Tarayyar Sobiyet

A Tarayyar Sobiyet hukuma ce ta ɗauki nauyin wannan tarbiyya. An buɗe kulob-kulob na koyon tuƙin jirgin sama da dirar lema a birane, an kuma tanadi ɗakunan sana'a a gidajen ƙungiyar yara ta ƙasa, inda ɗalibai suke zuwa bayan an tashi daga makaranta su ƙera ƙananan jirage da akwatunan rediyo, ba tare da iyayensu sun biya kuɗi ba.

Sergei Korolev, wanda ya jagoranci ƙera rokar da ta ɗauki Sputnik da Yuri Gagarin, ɗan irin wannan tsari ne. Ya shiga ƙungiyar masu jirage marasa inji a birnin Odessa, ya zana jirginsa na farko a 1924 yana da shekara 17. A 1931 yana cikin matasan injiniyoyin da suka kafa ƙungiyar nazarin roka a Mosko, wadda ta harba rokarta ta farko a 1933. Shi kansa Gagarin ɗan koyon zubin ƙarfe ne. Yana karatu a makarantar fasaha ta Saratov ya shiga kulob ɗin jiragen sama na garin, a nan ya fara tuƙi, kafin ya zagaya duniya a ranar 12 ga Afrilu, 1961. Valentina Tereshkova kuwa ma'aikaciyar masaƙa ce a Yaroslavl. Ta fara dirar lema a kulob ɗin garinsu a 1959, ta zama mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1963.

Abin lura a nan shi ne asalin waɗannan mutane. Gagarin da Tereshkova 'ya'yan talakawa ne daga ƙauye. Da a ce shiga kulob sai da kuɗi, da wuya a ji sunansu.

4.0 Amurka Bayan Sputnik

A ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurkawa ya tashi, suka ɗora laifin a kan makarantunsu. A 1958 aka kafa hukumar NASA, aka kuma yi dokar da ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da harsunan waje.

Yara ma ba su jira hukuma ba. A Coalwood, wani ƙaramin garin masu haƙar kwal a jihar West Virginia, wani saurayi mai suna Homer Hickam ya ga wucewar Sputnik da dare, sai shi da abokansa suka fara ƙera rokoki. Ta farko ta tarwatse, ta lalata dangar gidansu. Malamarsu ta kimiyya, Freida Riley, ta samo musu littafin da ya yi bayanin ƙirar roka, suka ga dole sai sun koyi lissafin da ya wuce na ajinsu. Masu aikin ƙarfe na mahaƙar suka riƙa sassaƙa musu bakin injin. A 1960 aikin nasu ya ci lambar zinare a bajekolin kimiyya na ƙasa. Hickam ya karanta injiniya, ya kuma fara aiki da NASA a 1981. Ya ba da wannan labari a littafinsa Rocket Boys na 1998.

A wancan zamani yara da dama sun ji munanan raunuka wajen haɗa garin roka da kansu. Wannan ne ya sa G. Harry Stine da Orville Carlisle suka kafa ƙungiyar masu ƙananan rokoki a 1957, bisa ƙa'idar cewa masana'anta ce za ta haɗa injin, yaro kuma ya ƙera gangar jiki da takarda da katako marar nauyi. Da haka aka raba wasan da mafi yawan haɗarinsa, har ya sami shiga makarantu.

Sansanin Space Camp ya zo daga baya. Von Braun, wanda ya koma Amurka a 1945 ya kuma jagoranci ƙera rokar Saturn V a Huntsville ta jihar Alabama, shi ne ya kawo shawarar cewa tun da ana yi wa yara sansanin wasanni da na kiɗa, ya kamata a yi musu na kimiyya. Ya rasu a 1977, aka buɗe sansanin a 1982 a cibiyar adana rokoki ta Huntsville, a ƙarƙashin shugabanta Edward Buckbee. Yara sukan yi kimanin mako guda a can, an kasa su gwargwadon shekaru, daga 9 zuwa 18. Cikin waɗanda suka halarce shi suna yara akwai Dottie Metcalf-Lindenburger, malamar makaranta da ta je sararin samaniya a 2010, da Christina Koch, injiniyar lantarki wadda ta yi kwana 328 a jere a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa daga 2019 zuwa 2020.

5.0 Abin da Yaro Yake Koya

Yanzu sai a tambaya, me ake samu a irin waɗannan wurare wanda aji ba ya bayarwa? Ana iya kasa amsar gida huɗu.

Na farko, lissafi yakan sami jiki. Yaron da yake son sanin nisan da rokarsa ta kai a sama zai tsaya mita 100 daga wurin harbi, ya auna kusurwar da ya hango ta lokacin da ta kai ƙololuwa. Idan kusurwar digiri 45 ce, kuma rokar ta tashi a miƙe, to nisan da ta kai a sama mita 100 ne. Wannan shi ne lissafin kusurwoyi da ake haddacewa a sakandare ba tare da an san amfaninsa ba. Haka kuma zai gano cewa roka ba ta tafiya a miƙe sai cibiyar nauyinta tana gaba da wurin da iska ta fi tura ta. Idan fikafikan baya sun yi ƙanana, sai ta yi ta wulwulawa ta faɗo. Gani ya kori ji.

Na biyu, yakan koyi aiki cikin iyaka. A babbar gasar roka ta ɗaliban sakandare da aka fara a Amurka a 2003, ba wanda ya fi kowa yin sama ne yake ci ba. Ana ba kowace ƙungiya nisan da ake so rokarta ta kai, da daƙiƙoƙin da za ta yi kafin ta sauko, kuma dole ta ɗauki ɗanyen ƙwai ta dawo da shi bai fashe ba. Duk shekara ana sake ƙa'idojin. Idan aka ƙara abin da zai kare ƙwan, nauyi ya ƙaru, rokar ta kasa kai nisan. Idan aka faɗaɗa lemar sauka, ta daɗe a sama lokaci ya wuce. Aikin injiniya na haƙiƙa ke nan, domin a babbar roka ma kusan kashi 9 cikin 10 na nauyinta mai ne, kowane kilo da aka ƙara sai an biya shi a wani wuri.

Na uku, yakan koyi yadda ake mu'amala da kuskure. A aji kuskure jan biro ne da ragin maki. A filin harbi kuwa kuskure shaida ne da za a tattara a bincika: a tsinto tarkace, a duba inda ya ƙone, a rubuta, a sake abu ɗaya tak, a kuma gwadawa. Yaron da ya saba da wannan ba ya ɓoye gazawarsa, kuma a sana'ar da ƙaramin sakaci yake kashe mutane, wannan hali ya kai ilmi daraja.

Na huɗu, yakan koyi cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Space Camp ana shirya tafiya ta kwaikwayo, a raba yara gida biyu, wasu a cikin kumbo, wasu a ɗakin lura na ƙasa, sannan malamai su jefo musu matsala ba zato. Kowa yana da abin da aka ɗora masa, ba kuma wanda yake riƙe da dukan bayanin. Yaron da ya zo da burin zama ɗan sama jannati a nan yake gane cewa rayukan waɗanda suke sama suna hannun waɗanda suke ƙasa, kamar yadda ya faru a 1970 lokacin da tankin iska ya fashe a kumbon Apollo 13, injiniyoyin ƙasa suka tsara yadda mutum ukun da suke ciki suka dawo da rai.

6.0 Daga Kwaikwayo Zuwa Aikin Gaske

Matakin ƙarshe yana jami'a. A da, ƙera tauraron ɗan'adam kan ɗauki shekaru masu yawa, ɗalibi ya gama karatu bai ga ƙarshen aikin da ya sa hannu a ciki ba. A 1999 malamai biyu a jihar Kalifoniya, Bob Twiggs da Jordi Puig-Suari, suka fito da ma'aunin ƙaramin tauraro mai suna CubeSat, wanda kowane gefensa santimita 10 ne, nauyinsa kuma bai wuce kilo ɗaya da kaɗan ba. Manufarsu ita ce ɗalibi ya zana, ya ƙera, ya gwada, ya kuma ji muryar tauraronsa daga sama kafin ya bar jami'a. An harba na farkonsu a 2003. A 2013 har ɗaliban wata sakandare a jihar Virginia sun ƙera nasu an harba.

Ƙanƙantar abin ba ta rage darasinsa ba. Yana buƙatar wutar lantarki daga hasken rana, da batir, da rediyo, da kwamfuta, da jikin da zai jure girgizar harbi da zafi da sanyi, yana kuma gudun kimanin kilomita 28,000 a awa. Duk sassan babban tauraro suna cikinsa.

7.0 Inda Ake da Ja

Bai kamata a karɓi duk abin da masu waɗannan shirye-shirye suke faɗa ba tare da nazari ba. Da farko, jerin sunayen fitattun da suka halarci sansani ba hujja ba ce cewa sansanin ne ya yi su. Yaron da ya matsa wa iyayensa su kai shi Huntsville ya riga ya kamu da sha'awar tun a gida. Mai yiwuwa sansanin ya ƙarfafa abin da ya tarar ne. Mako guda kuma ba ya maye gurbin shekarun lissafi da fiziya. Abin da labarin Hickam da na Korolev suka nuna shi ne tasirin aiki mai ɗorewa a ƙarƙashin malami mai kulawa.

Na biyu, akwai batun kuɗi. Sansanin da ake biya yakan tace 'ya'yan masu hali, ko da ana ba wasu tallafi. A nan tsarin kulob na kyauta ya fi kusa da adalci.

Na uku shi ne mafi nauyi. Hukumomin da suka raini waɗannan matasa da bukatar yaƙi suka raine su. Ƙungiyar da ta riƙe kulob-kulob na Sobiyet ta taimakon soja ce, dokar Amurka ta 1958 ma da sunan tsaron ƙasa aka yi ta. Von Braun, wanda ya fara da mafarkin zuwa wata, shi ne ya ƙera wa gwamnatin Hitler rokar V-2 da aka yi ta jefa wa London da Antwerp, kuma fursunoni ne aka tilasta wa haɗa ta a ramukan ƙarƙashin ƙasa, dubbai suka mutu a wurin aikin. Shi kuwa Korolev, gwamnatin da ta raine shi ita ce ta kama shi a 1938 ta tura shi sansanin gwale-gwale. Tarbiyyar da ta koya wa yaro yadda ake harba roka, ba ta koya masa tambayar inda za ta faɗa ba, ba ta cika ba.

8.0 Abin da Ya Shafe Mu

Nijeriya ta kafa hukumar sararin samaniyarta a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003. Wani kamfani ne a Ingila ya ƙera shi, aka tura injiniyoyinmu can suka koyi aikin, kuma su ne suka ƙera NigeriaSat-X da aka harba a 2011. A 2017 aka harba Nigeria EduSat-1, ƙaramin tauraron da Jami'ar Fasaha ta Akure ta yi tare da wata jami'ar Japan, a shirin da ya haɗa da Gana da Mongoliya da Bangaladash. A duk waɗannan, horon ya fara ne bayan mutum ya riga ya girma. Matakan ƙasa, wato labari da kulob da gasa, su ne suka yi ƙaranci.

Ba a rasa tushen da za a ɗora su a kai ba. Tun a 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi tafiya da shi sararin samaniya, wato irin littafin da ya tayar da Goddard da Oberth. Manomanmu sun san Kaza da 'ya'yanta, sun san Zara da Gamzaki. Malaman zaure sun daɗe suna karantar da ilmin falaki da hisabi, kuma daga Katsina Muhammadu al-Katsinawi ya fito, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaran da suke ƙera mota da kara da gwangwani da waya suna yin abin da yaran Coalwood suka fara da shi. Abin da suka rasa shi ne malamin da zai miƙa musu littafi a lokacin da ya dace.

A nan ne nauyi ya hau kan masu nazarin harshe. Gagarin da Rashanci ya koyi tuƙi, von Braun da Jamusanci ya karanta Oberth, Hickam da Ingilishin da ya tashi da shi ya fahimci littafin malamarsa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi fama da baƙon harshe da baƙon ilmi a lokaci guda yana ɗan shekara 13. Hausa ta samar da kalmomin ba da labarin kumbo, amma kalmomin bayyana yadda yake aiki, irin su na ƙarfin turi da jan ƙasa da kewaye da cibiyar nauyi, ba su daidaitu ba tukuna, ba su kuma shiga littattafan yara yadda ya kamata ba.

9.0 Kammalawa

An ga cewa hanyar da take kai yaro ga ƙirar kumbo takan fara da labari, ta bi ta kulob da gasa, ta ƙare a aikin gaske a jami'a, kuma a kowane mataki akwai babban da ya tsaya a kansa. An ga kuma cewa mafi yawan waɗanda suka bi ta ba sa zuwa sama, ba ma duka suke aikin roka ba. Abin da suke tafiya da shi shi ne ɗabi'ar aunawa da gwadawa da gyarawa, wadda ake bukata wajen gina madatsar ruwa kamar yadda ake bukatarta wajen ƙera tauraro.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matakin farko bai fi ƙarfin makarantunmu ba, domin da gorar roba da ruwa da famfon keke ana yin rokar da za ta tashi mita masu yawa, a auna nisanta da zare da ma'aunin kusurwa. Abin da ya rage shi ne malaman kimiyya da na Hausa su zauna tare su daidaita kalmomi, marubuta kuma su samar wa yara littattafan da za su sa su ɗaga kai da dare su yi tambaya.